Bash, dash, zsh ko fish: wace shel ce ta fi yi maka amfani idan an goge foldar da kake ciki?

Ka buɗe tagar taminal biyu. A ta farko kana zaune cikin foldar da kake haɗa manhajarka, a ta biyu ka goge foldar da `rm -rf` don ka sake haɗawa daga tushe. Ka dawo ta farko ka buga `ls`, shiru, ko fayil ɗaya babu, alhali alamar jiran umarni tana ta nuna maka sunan foldar kamar ba abin da ya faru. Duk wanda ya taɓa koyar da Linux a ɗakin horo a Garwa ko Marwa ya san wannan kiran: "Malam, aikina ya ɓace." Masu kula da saba ta hanyar ssh daga Njamena su ma suna cin karo da shi, musamman bayan an ɗora sabon sigar shafi an share tsohuwar folda. Shi ya sa idan za ka zaɓi shel, wato shirin da ke karɓar umarnin da kake bugawa a taminal, da za ka sa wa ɗalibai, ko wadda za ta riƙa gudanar da sikirif ɗinka (fayil mai jerin umarni) cikin dare, yana da kyau ka san halin kowacce a wannan yanayi.

Kafin a zo kan shel, akwai abin da ya fi ƙarfinta. A Linux, kowane shiri da ke gudana yana da foldar aiki, kuma kanel, wato zuciyar tsarin da ke kula da fayiloli da shirye-shirye, ba ta riƙe wannan folda da sunanta. Da lambar inode take riƙe ta, wato ainihin foldar da ke kan faifai. Kamar akuya ce da aka ɗaure a turke: in an tuge turken an kafa shi wani gida, can za ta tsinci kanta, in kuma an canja sunan mai gidan ba ruwanta. Umarnin `rmdir` yana cire sunan foldar ne daga cikin uwarta, amma muddin akwai shirin da ke zaune a ciki, kanel ba za ta saki inode ɗin ba. Sai ka zama kana cikin wuri da yake nan amma ba shi da suna. In ka nemi hanyarsa ta kiran `getcwd`, amsar da za a ba ka ita ce ENOENT, babu fayil ko folda mai wannan suna. Kuma kanel ba ta yarda a ƙirƙiri sabon abu a ciki.

Gwajin ba ya cin minti ɗaya, ko a Termux, manhajar taminal ta wayar Android, kana iya yin sa: `mkdir /tmp/gwaji`, sai `cd /tmp/gwaji`, sai `rmdir /tmp/gwaji`. A Termux sai ka yi shi a cikin foldar gidanka maimakon /tmp.

Abin da zai biyo baya rabinsa iri ɗaya ne a kowace shel, domin ba ita ke yin sa ba. `touch a` zai ce "No such file or directory". A kwamfutocin da aka saita da Faransanci, waɗanda su ne suka fi yawa a wajenmu, za ka ga "Aucun fichier ou dossier de ce type", kuma in kana son neman saƙon a intanet ka fara sa `LC_ALL=C` a gaban umarnin don ya fito da Turanci, an fi samun amsa haka. Git zai ce "fatal: Unable to read current working directory". Python zai jefo FileNotFoundError da zarar an kira `os.getcwd()`. Node da npm za su mutu da saƙo mai ɗauke da `uv_cwd`, Java kuwa ko tashi ba za ta yi ba. Shi `ls` na GNU shiru yake yi kamar folda ce da ba komai a ciki. An taɓa sa shi ya riƙa yin ƙorafi a coreutils 8.32 ta shekarar 2020, aka janye hakan a 9.0 ta 2021, don haka kwamfutoci biyu a ɗaki ɗaya suna iya ba ka amsa daban. Canja shel ba zai gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Bambancin da ke tsakanin shel da shel yana wuri uku ne: abin da take ce maka game da inda kake, yadda take fitar da kai, da abin da take yi in an tashe ta sabuwa a cikin wurin da ba shi da suna.

Mu fara da bash, tunda ita ce ke zuwa da Ubuntu da Debian da Mint, ita ce kuma ta Termux. Brian Fox ne ya fara fitar da ita a 1989. Bash tana ajiye hanyar da ka bi ka shigo a ƙwaƙwalwarta, tana kuma rubuta ta a wata ma'ajiya mai suna `PWD`. In ka buga `pwd` bayan an goge foldar, wannan ajiyar za ta karanto maka, ba ta tambayi kanel ba. Wato za ta ce kana /tmp/gwaji. Sai ka buga `pwd -P` sannan asiri zai tonu da dogon saƙon nan da kowa ya sani: "error retrieving current directory: getcwd: cannot access parent directories: No such file or directory". Wannan saƙo shi ne alamar bash. In ka tashi sabuwar bash a wurin, ko ka gudanar da sikirif da ke farawa da `#!/bin/bash`, zai fito da "shell-init" a gabansa. Abin lura shi ne gargaɗi ne kawai. Sikirif ɗin zai ci gaba da tafiya, layi bayan layi, har ya kai inda zai rubuta fayil ya kasa.

Wajen fita, bash tana da naci. `cd ..` za ta fara gwada lissafin hanyar da ta ajiye, in bai yiwu ba ta miƙa wa kanel `..` kai tsaye, kuma Linux tana tuna uwar foldar da aka goge, sai ka tsinci kanka a /tmp lafiya. In har uwar ma an goge ta, bash za ta ci gaba da hawa tana ƙorafi, `PWD` kuma ya riƙa tara ɗigo-ɗigo a wutsiya, ka ga alamar jira ta zama wani abu kamar /tmp/a/b/.. mai ban dariya. Ba kyau a ido, amma tana fitar da kai. In kuwa an sake ƙirƙirar folda mai suna iri ɗaya, wanda shi ne ya fi faruwa a aikin haɗa manhaja, `cd .` kaɗai ya isa. Ɗalibai sukan yi mamakin wannan, wai a ce shiga inda kake ya zama magani. Dalilin shi ne bash tana fassara ɗigon zuwa cikakkiyar hanyar da ta ajiye, ta shiga ta wannan hanyar, sai ta faɗa cikin sabuwar foldar. `cd -P .` ba zai yi wannan aikin ba, domin shi yana nufin ainihin inda kake, wato gawar tsohuwar.

Dash wata halitta ce daban. Jikar shel ɗin Kenneth Almquist ce ta 1989, ita ce `/bin/sh` a Ubuntu tun sigar 6.10 ta 2006, a Debian kuma tun Squeeze ta 2011. Mutane da yawa suna amfani da ita kullum ba su sani ba, domin duk sikirif da ya fara da `#!/bin/sh`, da umarnin da ke cikin Makefile, da layukan cron, mai gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara, ta hannunta suke bi. In an tashe ta a foldar da aka goge, layi ɗaya gajere take faɗa: "sh: 0: getcwd() failed: No such file or directory". Wanda ya taɓa gudanar da `apt` daga irin wannan wuri ya ga layin nan yana ta maimaituwa, sau ɗaya ga kowane ƙaramin sikirif da aka kira. A wajen `cd ..` dash lissafi take yi a kan hanyar da ta ajiye: ta yanke sunan ƙarshe, ta shiga abin da ya rage. In uwar tana nan, ka fita. In ba ta nan, sai ta ce "can't cd to .." ta tsaya inda take, ba ta da dabara ta biyu irin ta bash. Ga mutum a gaban allo wannan taurin kai ne. Ga sikirif kuwa ni na fi son haka, domin `cd` da ta kasa a fili ta fi `cd` da ta kai ka wani wuri da ba ka nufa ba.

'Yar uwarta ta cikin BusyBox, wadda za ka tarar a Alpine cikin kwantenar Docker da kuma a rauta mai OpenWrt, tana da wani hali a tsofaffin sigoginta da nake yaba mata. A waɗannan sigogin, kowane lokaci da za ta zana alamar jira, in alamar tana ɗauke da sunan folda, kanel take tambaya. Saboda haka da an goge foldar, da ka danna Enter, za ka ga "getcwd: No such file or directory", alamar kuma ta koma "(unknown)". Mafi ƙanƙanta a cikinsu, ita ce kuma ta fi saurin faɗin gaskiya. Sai dai ba wanda zai zaɓe ta don aikin yau da kullum a kan laftof, kayan aikinta sun yi kaɗan.

Zsh ta fito daga hannun Paul Falstad a 1990. Ita ce ta asali a macOS tun Catalina ta 2019, da kuma Kali Linux tun ƙarshen 2020, kuma ta wannan ƙofar ta Kali ce yawancin samarinmu masu sha'awar tsaron intanet suka san ta. A abubuwa biyu daidai take da bash: `pwd` tana karanto ajiya, `cd .` kuma tana kai ka sabuwar folda in an sake ƙirƙirarta. Inda ta bambanta shi ne ba ta da surutu. Tashe ta a foldar da aka goge, ba za ka ga dogon saƙon shell-init ba. Idan ta rasa hanya sai ta ɗauki ɗigo ɗaya a matsayin sunan wurin, ka ga alamar jira tana nuna "." kawai. Gwani zai gane nan take. Ɗalibin da ya fara mako biyu da suka wuce ba zai ma lura ba, balle in an yi wa alamar ado da launuka da kibiyoyi irin na Oh My Zsh. Akwai ƙarin abu: irin waɗannan kayan ado suna kiran git kafin kowane layi don su nuna reshen da kake, kuma git ba ya aiki a wurin, sai sunan reshen ya ɓace daga alamar ba tare da bayani ba.

Fish, wadda ta fito a 2005, tun sigar 3.0 ta ƙarshen 2018 take bin hanyar da ka shigo da ita kamar yadda bash ke yi, kuma tana yin ƙorafi in ta tashi ba ta san inda take ba. Tana da daɗin koyo, tana ba da shawarar umarni tun kana bugawa. Matsalarta ba ta shafi foldar da ta ɓace ba: ba ta bin ƙa'idar POSIX da shel irin su bash da dash ke bi, don haka abin da ɗalibi ya koya a cikinta ba duka zai yi masa aiki a saba ba. Ban ga wani fifiko da take da shi a wannan batu da zai sa a yafe mata wancan ba.

Windows kuma, wadda ita ce a kusan kowane shagon intanet da ofis daga Kusuri har Ngawundare, ta bi wata hanya: ta hana abin faruwa tun farko. In tagar `cmd` tana zaune a folda, ba za ka iya goge foldar ba, za a ce maka wani shiri yana amfani da ita. Wannan ne sanadin wasu lokutan da Explorer ke ƙin goge folda mutum ya rasa dalili, wata baƙar taga ce aka manta da ita a buɗe. PowerShell ta sha bamban, domin wurin da take nuna maka nata ne na cikin gida, ba lallai ya zama foldar aikin shirin a idon Windows ba, saboda haka ana iya goge foldar daga waje tana zaune. Tsarin Windows yana kare sabon shiga, amma yana da tsada ga mai saba: taga ɗaya da aka bari a buɗe tana iya tsayar da aikin sharewa gaba ɗaya.

Duk wannan a kan gogewa ne, kuma gogewa ita ce mai sauƙi, domin komai yana kasawa da ƙara. Wadda ta fi cin mutane ita ce ɗaukewa. A ce foldar ba goge ta aka yi ba, `mv` aka yi mata, ko kuma, wanda ya fi yawa a ɗakin horo, ɗalibi ya danna Delete a manajan fayiloli. Wannan dannawa ba gogewa ba ce, tura foldar take yi zuwa kwandon shara, a `~/.local/share/Trash/files`. Inode bai canja ba, shel ɗinka ta bi shi can. `ls` yana aiki, edita yana ajiyewa, git yana karɓar aiki, alamar jira tana nuna tsohon suna. Mutum zai yi awa biyu yana rubutu a cikin kwandon shara, washegari wani ya zo ya zubar da kwandon don faifai ya cika. A nan bash da dash da zsh duk abu ɗaya suke yi, shiru, kuma ba laifinsu ba ne, ba abin da ya kasa balle su yi magana. Ko `pwd -P` ta bash ba abin dogaro ba ce ɗari bisa ɗari: in an riga an ƙirƙiri wata folda a tsohon sunan, tana iya warware hanyar da ta ajiye ta ga tana nan, ta ba ka ita. Masu faɗin gaskiya biyu ne, `/bin/pwd` wanda yake shiri ne daban mai tambayar kanel, da `readlink /proc/$$/cwd`. Na biyun har yakan liƙa "(deleted)" a ƙarshen hanyar in gogewa aka yi.

Filashi ma yana da nasa babin, tunda a nan kusan kowa da shi yake yawo da aikinsa. In shel tana zaune a cikin filashi, `umount` zai ƙi, ya ce "target is busy", kuma `fuser -m` ko `lsof` za su nuna maka shirin da ya riƙe shi. In aka zare shi da ƙarfi, ko wuta ta ɗauke faifan waje ya mutu laftof na kan batir, abin da ka fi gani shi ne "Input/output error", ba "No such file" ba. In foldar a kan hanyar sadarwa take ta NFS aka goge ta daga wata kwamfutar, sai ka ga "Stale file handle". Saƙonni uku, magani ɗaya: `cd` ba tare da komai ba ta mayar da kai gida a bash da dash da zsh da fish.   

To wace za a zaɓa? Ga ɗakin koyarwa, bash. Ba don ta fi wayo ba, tana yin ƙaryar `pwd` kamar sauran. Dalilina shi ne saƙonta dogo ne, ba ya kama da na kowa, ɗalibi yana iya kwafe shi ya nema ya samu amsa a sakamakon farko, kuma `cd ..` ɗinta ba ta barin mutum a maƙale. Ga wanda ya riga ya saba da zsh, babu dalilin barinta, sai dai ya toshe shirun nata da kansa. Toshewar kuma layi ɗaya ce, kuma tana maganin gogewa da ɗaukewa da sake ƙirƙira gaba ɗaya. A `.bashrc` ka sa `PROMPT_COMMAND='[ "$PWD" -ef . ] || echo "hattara: foldar nan ba ta inda take"'`. A `.zshrc` kuma `precmd() { [[ $PWD -ef . ]] || print "hattara: foldar nan ba ta inda take" }`. Gwajin `-ef` yana duba ko sunan da shel ta ajiye da ainihin inda kake inode ɗaya ne a faifai ɗaya. In kana da wani abu a `PROMPT_COMMAND` ko `precmd` tun da, ƙara masa za ka yi, kada ka rubuta a kansa. In da ni ke shirya kwamfutocin ɗakin horo, a `/etc/skel/.bashrc` zan sa shi don kowane sabon asusu ya gaje shi.

Wasu kayan aikin sun fara rage matsalar daga nasu ɓangaren. Git, tun sigar 2.35 ta Janairun 2022, ya daina goge foldar da ka kira shi daga cikinta idan canja reshe ya bar ta ba komai. Kafin nan `git checkout` kaɗai yana iya zare maka ƙasa. In sabarka tana kan tsohon tsari, duba `git --version`.

Ga sikirif kuwa, zaɓin shel bai kai yadda ka rubuta shi muhimmanci ba, kuma `#!/bin/sh` da dash ya wadatar muddin ba ka bukatar abubuwan da bash kaɗai ke da su. Layin da ya fi kowane haɗari shi ne `cd wuri` a sama, `rm -rf *` a ƙasa. In wurin ba ya nan, `cd` ta kasa, shel ta ci gaba, gogewar ta auka wa foldar da sikirif ya fara daga cikinta, wadda a cron ita ce foldar gidan mai asusun. Rubuta `cd wuri || exit 1`, shi ne abin da ShellCheck, manhajar duba kurakuran sikirif, ke nuna maka da lamba SC2164. Sikirif da zai daɗe yana gudana ya fara da `cd /`, kamar yadda systemd, shirin da ke kula da hidimomin Linux, ke tashin hidimomin tsarin daga tushe, don kada ya riƙe filashi ko faifan waje ya hana a cire. In ka yi foldar wucin gadi da `mktemp -d` ka shiga cikinta, fita kafin ka goge ta, in ba haka ba duk umarnin da ya biyo baya a cikin gawa zai gudana. In kuma bash kake amfani da ita kana son tabbaci bayan shiga, `cd -P -e wuri` yana mayar da lambar kasawa idan an shiga amma an kasa gano hanyar wurin, sai ka haɗa shi da `|| exit 1` kamar na farkon.